Firij a cikin jirgin ruwa: inda wutar ke ɓacewa, da inda take kisa

Zariya ba garin ruwa ba ne. In ka cire Galma da Kubanni da madatsun da aka tare a kansu, saura sai fadama da kududdufi. Amma akwai 'yan garin nan da abincinsu yake bakin ruwa: masu zuwa Yawuri a kan tafkin Kainji, da masu bin Shiroro inda kogin Kaduna ya taru bayan madatsar da aka buɗe a 1990, suna zagaya tungayen masunta da jirgi mai inji suna sayen ɗanyen kifi. A da hanya biyu ce, ko banda ko ƙanƙara. Da sola ta yawaita, sai wasu suka fara ɗora firij ko ƙaramar firiza a cikin jirgin, don karfasa da giwan ruwa su iso gaɓa da darajarsu. Ranar da na'urar ta tsaya kuwa, mai gyaran da suka sani a Sabon Gari suke nema.

Maganar da ake zuwa da ita kusan ɗaya ce: "Malam, firijin nan gas ɗinsa ya ƙare." Sai a sauke shi a shago, a jona masa batir da guntuwar waya, ya tashi lafiya lau, kafin a gama gaisawa ya fara raɓa. A mayar da shi jirgi, ya koma gidan jiya. Wani har sau biyu zai biya kuɗin gas. Abin da nake so a fahimta shi ne, a yawancin irin wannan, firij ɗin ƙalau yake. Ciwon yana kan hanyar da wuta ke bi daga batir zuwa kwamfuresa, wato injin da ke zagaya gas a cikin firij, kuma dabarun da ake yi don a rufe wannan ciwo su ne ke jawo gobara da asarar rai.

Tukuna batun gas. Firij ba ya shan gas yadda inji ke shan mai. Bututunsa a rufe suke ruf, abin da aka ɗura a kamfani shi ke ta zagayawa shekara da shekaru. In ya ragu, to akwai huji, kuma ɗura sabo ba tare da an toshe hujin ba zubar da kuɗi ne. Alamarsa ma daban take: kwamfuresa za ta yi ta aiki ba tsayawa, farantin sanyi ya yi ƙanƙara a gefe guda kawai, a wani lokacin ka ga danshin mai a mahaɗar bututu. Firij ɗin da ke tashi ya ɗan yi gurnani ya mutu, bayan kamar minti ɗaya ya sake gwadawa, wannan ba gas yake nema ba.

Firij ɗin da aka ƙera don jirgi da mota yana aiki kai tsaye da wutar batir, bolt 12 ko 24. Kwamfuresar da ta fi shahara a wannan fanni ita ce BD35F da yayarta BD50F, na kamfanin Danfoss na ƙasar Denmak, wanda sashensa na ƙananan kwamfuresa ya koma suna Secop a 2010. Akwai wasu da yawa da aka ƙera a kan tsarinta. A jikinta akwai ɗan baƙin akwati, kwantirola, shi ke juya motar lantarkin da ke cikinta, shi ne kuma mai gadin batir. A saitin da yake zuwa da shi, in wutar da ke isowa gare shi ta faɗi ƙasa da bolt 10.4 zai kashe kwamfuresa, ba zai sake tada ta ba sai ta hau 11.7. In tsarin bolt 24 ne, lambobin su ne 22.8 da 24.2. An yi haka ne don kada firij ya tsotse batir har ya lalata shi.

A lura da kyau: kwantirola bai san abin da ke cikin batir ba. Abin da ya iso bakinsa kawai yake gani. Duk wanda ya taɓa ban-ruwa a fadamar Galma ya san in aka jona doguwar mesa siririya, ko inji na da ƙarfi, abin da zai fito a ƙarshen gona ba ya wuce tsiyaya. Haka waya take, kuma a bolt 12 ba a da rarar da za a yi asara.

Bari mu yi lissafin, don a nan maganar take. Wayar jan ƙarfe mai kaurin milimita murabba'i ɗaya tana da turjiyar kusan om 0.0175 a kowace mita. A ce batir yana baya kusa da inji, firij yana tsakiyar jirgi, tsakaninsu mita 6. Wuta zuwa take yi ta dawo, saboda haka tsawon wayar mita 12 ne. In an yi amfani da waya mai lamba 1.5, wato kaurin milimita murabba'i 1.5, irin ta fitilun ɗaki, turjiyarta om 0.14 ke nan. Lokacin da kwamfuresa ke tafiya tana jan kamar amfiya 5, za a rasa bolt 0.7 a hanya. A daidai lokacin tashi tana jan fiye da haka. A ce amfiya 10, asarar ta zama bolt 1.4. Yanzu ɗauki batir da ya kwana yana aiki, da asuba yana nuna 12.2, in an ɗora masa kaya ya ɗan sunkuya zuwa 11.9. Cire 1.4, saura 10.5. Ƙara kan batir guda ɗaya mai datti da zai ci rabin bolt, ka sauka 10. Kwantirola ya kashe. Da ya kashe, jan wuta ya tsaya, lamba ta koma 12.2, ya ga ta wuce 11.7, ya sake gwadawa, ya sake faɗuwa. Haka zai yi ta yi har rana ta ɗaga sola ta cika batir, shi ya sa mai jirgi zai ce maka da rana yana aiki, da dare ne yake iskanci. Da wayar mai lamba 6 ce, asarar a wannan tsawo ba za ta wuce bolt 0.35 ba ko a lokacin tashi, kuma da babu wannan magana gaba ɗaya.

Takardar kamfanin ta sauƙaƙa abin. A bolt 12, waya mai lamba 2.5 kada tsakanin batir da firij ya wuce mita 2.5, mai lamba 4, mita 4, mai 6, mita 6, mai 10, mita 10. A bolt 24 tsawon yana ninkawa biyu. Sai dai a kasuwa akwai wata matsalar: waya mai launin jan ƙarfe a waje, alminiyom a ciki. Alminiyom yana ɗaukar kusan kashi 61 cikin 100 na abin da jan ƙarfe mai kauri ɗaya ke ɗauka, kuma a danshi yana rubewa da wuri. Kankare silin da wuƙa kafin ka biya. In cikinsa fari ne, ajiye ta. Waya mai sili ɗaya ƙwaƙƙwara ta cikin bango ita ma ba ta jirgi ba ce, girgizar inji za ta karya ta a cikin robarta inda ido ba ya gani. Mai sili da yawa ake so, in an samu wadda aka shafe silinta da kuza ta fi jure ruwa.

Kuskuren da na fi gani wajen yara masu koyon aiki shi ne awo ba kaya. Yaro zai cire waya daga firij, ya ɗora mitar awon wuta, ya ga 12.5, ya ɗago ya ce, "Oga, wuta na zuwa." Mita ba ta jan komai, don haka ko sili ɗaya ne ya rage a cikin wayar za ta nuna cikakkiyar lamba. Awon gaskiya shi ne a bar komai a jone, a ɗora tsinken mita a kan ƙafafu biyu manya na kwantirola, masu alamar ƙari da ragi, a zuba wa lambar ido a daidai lokacin da kwamfuresa ke yunƙurin tashi. Sannan a maimaita a kan dalmar batir ɗin kanta, ba a kan maƙalar ba. In batir ya tsaya a 12 amma bakin firij ya faɗi 10, hanya ce ke ci. In duka biyun suka faɗi tare, batir ne ya gaji ko bai samu caji ba.

In hanya ce, sai a bi ta gaɓa-gaɓa. Tsinke ɗaya a kan dalmar batir, ɗayan a kan maƙalar da ke rungume da ita: mita ta nuna kusan sifili. In ta nuna 0.3 ko 0.5, kwance maƙalar ka duba. Za ka tarar da farin gari ko kore-kore ya cika tsakani, ƙarfen ya dushe. Fere robar wayar kamar tsawon yatsa, sau da yawa silin da ya kamata ya yi ja yana ƙyalli ya koma baƙi, yana karyewa in ka murza. Ruwa ya bi ta cikin robar ya shige. Wannan ba a gyara ta da gogewa, yanke ake yi har a kai inda ja ya dawo. Haka za a auna gidan fiyus, da makunni, da duk inda aka murɗa waya biyu aka naɗe da salatif. A taɓa ma da hannu: mahaɗar da ta yi ɗumi tana cin wuta. Kada a manta baƙar waya. Mutane kan bi ja su ƙyale baƙa, alhali asarar da za a yi a dawowa daidai take da ta zuwa.

Kwantirola ma yana faɗin abin da ke damunsa, in an ba shi baki. Akwai ƙafa mai harafin D. In aka jona ƙaramar fitilar LED tsakaninta da ƙaramar ƙafa mai alamar ƙari, za ta riƙa ƙiftawa. Ƙiftawa 1, wuta ce ta yi ƙasa. 2, fankar da ke jone da kwantirola tana jan wuta fiye da kima, sai a cire ta a gani. 3, motar ta kasa tashi, ko ta cije ko matsin gas bai daidaita ba. A kashe a ba shi 'yan mintoci kafin a yanke hukunci, kuma raunin wuta ma kan kawo wannan. 4, kaya sun yi wa motar yawa ta kasa kai gudun da ya kamata. 5, kwantirolan kansa ya yi zafi. Fitilar nan kuɗinta bai taka kara ya karya ba, ina ganin bai kamata a sallami firij ɗin jirgi ba tare da ita ba. In babu ƙiftawa kuma babu motsi, a haɗa ƙafar C da T da guntuwar waya. In kwamfuresa ta tashi, tamostat ne ya mutu, wato abin da ke kunna ta da kashe ta gwargwadon sanyi. Sai an wuce duk wannan ake zargin kwamfuresa, ita ma da awo: ƙafafunta uku, kowane biyu su ba da lamba iri ɗaya, wajen om 2, kuma kada ɗayansu ya nuna haɗi da gangar jikinta.

Zafi kuwa maganarsa gajeriya ce. A watan Maris da Afrilu, firij da aka cusa cikin akwatin katako aka lulluɓe da tamfol zai yi ta aiki ba hutu. A bar wa bayansa iska, a kakkaɓe ƙura da ɓawon kifi daga kondensa, wato bututun da ke fitar da zafi, a yi masa inuwa.

Sauran lissafin na batir ne. Firij mai jan amfiya 5 da ke aiki rabin lokaci yana cin kusan 60Ah, wato amfiya 5 sau awa 12, a yini da kwana. Batir mai ruwa da aka rubuta masa 100Ah, rabin abin da ke ciki kawai ya kamata a taɓa in ana son ya yi ƙarko, wato 50. Ka ga tun a takarda bai kai ba. In ya huta ba caji ba kaya, 12.6 zuwa 12.7 cikakke ne, 12.2 rabi, ƙasa da 12 ya kusa ƙarewa. Farantin sola mai wat 200 a rana mai kyau zai iya mayar da kimanin abin da aka ci, amma ban da kwanakin hazo da na marka. Ƙaramin injin jirgi kuma, in ma yana da abin caji, ɗan kaɗan yake bayarwa, kuma sai yana gudu. Batirin mota an yi shi ne don tada inji na daƙiƙoƙi, in ana zuƙe shi kowane dare ba ya daɗewa. Wanda ke tada injinsa da makulli kada ya haɗa firij da batirin tashi. A tsakiyar Kainji ba a tura jirgi.

To, a nan ne mai jirgi kan gaji ya fara dabara, kuma a nan nake so a tsaya a saurara.

Dabara ta farko ita ce cire fiyus, ko a ɗaure gidansa da silin waya. Mutane na raina bolt 12 saboda ba ta jan mutum. Gaskiya ne ba ta ja, amma tana ƙonawa. Batirin jirgi zai iya zuba ɗaruruwan amfiya a cikin wayar da ta goge ta haɗu da 'yar uwarta, cikin daƙiƙoƙi ta yi jawur, roba ta kama, ga katako, ga jarkokin fetur. Fiyus wayar yake karewa, shi ya sa wurinsa kusa da batir ne, ba kusa da firij ba. Ƙa'idar ABYC, ƙungiyar da ke tsara dokokin ƙira da wayar jiragen ruwa a Amurka, ta ce kada ya wuce inci 7 daga inda wutar ta fito, wato kusan santimita 18. Ga irin kwamfuresar da muka ambata, amfiya 15 ne a bolt 12, 7.5 a bolt 24. Fiyus da ke yawan ƙonewa yana nuna akwai inda waya ta goge ko ruwa ya shiga. A nemo wurin, ba a ƙara masa girma ba.

Tururin fetur ya fi iska nauyi. A mota yana zubewa ƙasa iska ta kwashe. Jirgi kuwa kwano ne, a gindinsa yake kwanciya. Tartsatsi ɗaya daga maƙalar da ke rawa ya isa. Don haka irin maƙalar nan mai baki kamar na kada, da ake cafkawa a cire, ba ta da wuri a aikin dindindin. A ɗaure da noti. Batir mai ruwa kuma yana fitar da iskar haidurojin lokacin caji, wadda ke kamawa da zarar ta kai kashi 4 cikin 100 na iskar wurin. A ɗaure shi cikin akwati mai murfi da ƙofar iska ta sama, nesa da tankin mai, sama da inda ruwan gindin jirgi ke kaiwa. In za a kwance, baƙar waya ake fara cirewa, ita ce kuma ta ƙarshe wajen mayarwa. A cire zoben azurfa da agogon ƙarfe kafin a sa hannu. Mai gyara kuma ya duba takardar da ke jikin kwamfuresa kafin ya kunna wutar walda: R134a ba ya kamawa, amma R600a da ke cikin sababbin firij da yawa ɗan uwan gas ɗin girki ne.

Dabara ta biyu ta fi ta farko haɗari. Mutum ya gaji da firij ɗin batir, sai ya ɗauko firizar gida ya haɗa da inbata, mai mayar da wutar batir irin ta gida, ko ƙaramin janareta. Ta fuskar aiki ma akwai wahala: firiza mai wat 150 za ta sa inbata ta ja wajen amfiya 15 daga batirin bolt 12, a lokacin tashi kuma ninkin haka sau da yawa, ga shi ba a ƙera ta don tangaɗin ruwa ba. Amma babban abin shi ne an shigo da bolt 230 cikin wurin da ƙafa ke cikin ruwa, hannu a jiƙe. Busasshiyar fata tana ɗan tare wuta, jiƙaƙƙiya ba ta tarewa. Miliamfiya dubu ne amfiya ɗaya, amma miliamfiya 10 zuwa 15 sun isa su ƙanƙame tsokar hannu mutum ya kasa saki. Daga 50 zuwa sama zuciya na iya rikicewa. Ƙwan fitila mai wat 10 a bolt 230 yana jan sama da miliamfiya 40.

Akwai kuma abin da mutanenmu da yawa ba su sani ba, kuma ya fi shafar mu fiye da mutanen bakin teku. Ruwan gishiri yana ɗaukar wuta fiye da jikin mutum, saboda haka in wuta ta zuba a teku yawancinta kan bi ruwan ta kewaye shi. Ruwan kogi da na tafki, irin na Kainji da Shiroro da Galma, bai kai jikin mutum ɗaukar wuta ba, sai wutar ta zaɓi jikin. Jirgi na tsaye a gaɓa, an jawo masa waya daga janaretan wani shago don firiza ta kwana tana aiki, mahaɗar wayar ta faɗa ruwa, ko firizar tana zubar da wuta a jikinta ta bi ta ƙafar inji ta sauka. Yaron da ya shigo ruwa don ya taya sauke kaya ba sai wutar ta kashe shi kai tsaye ba. Gaɓoɓinsa kawai za ta riƙe, ya nutse a ruwan da ya saba iyo a ciki, kuma ba lallai a ga tabo a jikinsa ba. Sai a ce ruwa ne ya ci shi.

Wanda ya zama dole ya yi amfani da bolt 230 a jirgi, to ya sa na'urar RCD mai miliamfiya 30 a daidai inda wutar ta fito. Bireka ta yau da kullum ba ta yin wannan aiki: ita sai wuta ta wuce amfiya 10 ko 20 take faɗuwa, mutum kuwa ya daɗe da tafiya kafin nan. RCD tana kwatanta abin da ya fita da abin da ya dawo ne, in an samu giɓi ta yanke nan take. Sai dai tana buƙatar wayar ƙasa ta uku da ta haɗa jikin firiza da jikin janareta ko inbata, da kuma haɗin da ya dace a tushen wutar, wanda ƙananan janareta da yawa ba sa zuwa da shi. Wannan aikin ƙwararren mai waya ne, ya haɗa ya kuma gwada a gabanka. Akwai maɓallin gwaji a jikinta, a riƙa danna shi kafin a tashi. Soket ya kasance sama, a rufe, waya guda ba jone-jone. Janareta kuma kada a kunna shi ƙarƙashin rumfar da aka rufe da tamfol ana kwana a ciki, hayaƙinsa na ɗauke da iskar da ba ta da wari ba ta da launi, a barci take kashewa.

Alhaji, in ka ji ɗan tsikari a hannu lokacin da ka taɓa murfin firiza ko jikin inji, kada ka ce sanyi ne ko ka sa tsumma ka ci gaba. Kashe tushen wutar, kada kowa ya shiga ruwa kusa da jirgin har sai an gano inda take zuba. In kuma aka ga wani a cikin ruwa kusa da jirgi mai wuta ya sandare ko yana ihun ana jan sa, kada a yi tsalle a bi shi, mai ceto zai zama na biyu. A fara kashe janareta ko inbata, ko a zare wayar daga can tudu. A miƙa masa busasshiyar gora ko a jefa masa igiya ko jarka, a ja shi nesa da jirgin, ba wajensa ba. In an fito da shi ba ya numfashi, a kwantar da shi a wuri mai tauri a fara danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi, sau 100 zuwa 120 a minti, ana hura masa iska sau 2 bayan kowane dannawa 30, wani kuma ya nemo abin hawa zuwa asibiti. Ko ya farfaɗo ya ce ya ji sauƙi, a kai shi a duba zuciyarsa.